Wa ya taɓa zuwa ƙauyen Eyam? Ina son kai Hajiyata

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya sanyi ya karatu. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Muna zaune a Sheffield, maigidan yana karatu, to Hajiyata ta zo mana daga Zariya za ta ɗan kwana biyu, kuma tun zuwanta in ba kanti ba sai gidan 'yan uwa sai masallacin Juma'a, rannan take ce min ita fa duk abin da ta gani a Ingila bene ne da mota da shaguna, wai su turawan nan ba su da ƙauye ne, ba gona ba dabbobi, to ina kakanninsu suka zauna. Maganar ta tsaya min a rai don gaskiya ta faɗa, mu kanmu cikin gari kawai muka sani.

Maƙwabciyata wata dattijuwar baturiya ta ce in kai ta wani ƙauye Eyam, wai yana nan kusa cikin duwatsun Peak District, ta ce ƙauyen annoba suke ce masa saboda mutanensa sun taɓa kulle kansu da kansu lokacin wata annoba don kar su shafa wa wasu garuruwa. Iyakar abin da ta gaya min kenan.

To tambayata, ba mu da mota, ana iya zuwa a bas? Hajiya tana fama da ciwon gwiwa ba ta iya doguwar tafiya balle hawan tudu, wajen zai yi mata? Ya maganar abinci da wajen sallah? Sannan yara biyu ne da ni, babbar shekararta 9, labarin mutuwa ne ko'ina ko akwai abin da yaro zai kalla? Kuma wanda ya san ainihin tarihin ya ɗan ba ni dan Allah, don Hajiya ba ta jin turanci ni zan riƙa yi mata bayani kuma mace ce mai tambaya, ba na so in tsaya ina kame-kame a gabanta. Na gode Allah ya bar zumunci.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, ya bakuwa, Allah ya kara wa Hajiya lafiya. Eyam kam na san shi sosai, can nake kai baki in sunzo daga gida. Daga Sheffield ba nisa, mil 12 ne da dan wani abu, a mota kamar rabin awa in ba cunkoso, ta Fox House ake bi a gangara Grindleford sannan a haura, hanyar ma kanta abin kallo ce, tumaki ne birjik a kan tudu da katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka, tun a mota Hajiya zata samu amsar tambayarta.

In bas ne akwai lamba 65 mai zuwa Buxton, tana bi ta cikin kauyen, amma fa ba irin ta cikin gari bace da in wannan ta wuce wata na tafe, tsakaninsu da tazara kuma ran Lahadi sunfi karanci, don haka ki duba jadawalin a waya daren da zaku tafi kuma ki rike lokacin ta karshe mai dawowa da kyau, kauye ne babu tasi a tsaye tana jiran mutum. In zaki gaya wa direba kice Iim, haka suke kiransa. Jirgin kasa ban baki shawara ba, tashar Grindleford ce kusa kuma daga can akwai tafiyar kusan mil 3 da hawa, da mai ciwon gwiwa bazai yiwu ba.

Abinci kuyi guzurinku daga gida kawai shine magana. Akwai wajen shan shayi da kek a dandalin kauyen da kuma harabar Eyam Hall, sunada kirki, amma naman halal kar ki sa rai. Filas din shayi, dambun nama, dafaffen kwai, biredi, shikenan kun gama. Masallaci babu, kuyi alwala daga gida ku tafi da darduma, akwai bandaki a wajen ajiye motoci daura da gidan tarihi kuma akwai fili a wajen, mu nan muke shimfidawa muyi sallarmu ba wanda ya taba ce mana kala.

Sai sanyi, can yafi Sheffield sanyi da iska saboda bisa tudu yake, ko kin ga rana ta fito ki dauki rigar ruwa, kuma kar Hajiya ta sa silifas ko takalmi mai santsi, in kun bar titi tabo ne da kashin tumaki. Tarihin kuma na bar wa masana, ga su Anti Bilkisu nan.

Bilkisu Nas

Maman Hanifa sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da kula da mahaifiya. Ni aikin jinya nake yi shi ya sa labarin ƙauyen nan ya kama ni, bari in ba ki yadda za ki iya faɗa wa Hajiya.

A 1665 annoba ta faɗa wa Landan, an ƙiyasta ta kashe kusan mutum 100,000, wajen ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin. Eyam yana can arewa nesa da Landan, ba ruwansa, sai aka aiko wa telan ƙauyen Alexander Hadfield ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa George Viccars ya kwance ya ji da danshi sai ya shanya a gaban murhu, ashe akwai ƙuma a ciki mai ɗauke da cutar. Cikin 'yan kwanaki ya kwanta, ran 7 ga Satumba 1665 aka binne shi. Cutar tana farawa da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, sai kaluluwa ta fito a hammata ko wuya ko matsematsi, sai baƙaƙen tabo a fata, mafi yawa ba sa wuce mako. Su a lokacin ba su san ƙuma da ɓera ne ke yawo da ita ba, gurɓatacciyar iska suke zargi, sai a 1894 aka gano ƙwayar cutar a Hong Kong.

Bayan George sai yaron gidan ɗan shekara 4, sai maƙwabta, haka ta riƙa bin gidajen layin ɗaya bayan ɗaya. Gidajen suna nan har yau kusa da coci kuma da mutane a ciki, an kafa allo a gaban kowanne da sunayen waɗanda suka mutu. Matar telan, Mary, ita kaɗai ta rayu a gidanta, ta rasa dangi 13. Gidan da ke kusa na iyalin Thorpe ne, su 9 ne kuma duk suka tafi ba wanda ya rage. Wlh tsayuwa gaban allon nan ka karanta suna da shekaru daban yake da a ce maka mutum kaza suka mutu.

Da hunturu ya shigo mutuwar ta lafa har mutane suka fara cewa an rabu da ita, sai zafi ya dawo a 1666 ta taso fiye da da, mutane suka fara haɗa kaya za su gudu Sheffield da sauran garuruwa. A nan ne limamin cocin ƙauyen William Mompesson ya shigo. Saurayi ne bai kai 30 ba kuma baƙo ne, a 1664 aka kawo shi, mutane ba su gama sakin jiki da shi ba don wanda suke so shi ne tsohon limaminsu Thomas Stanley da aka tuɓe saboda ya ƙi bin tsarin ibadar da gwamnati ta shimfiɗa bayan dawowar Sarki Charles na biyu. Wato akwai saɓanin aƙida sosai tsakaninsu, amma Mompesson ya san in shi kaɗai ya yi magana ba mai ji, sai ya nemi Stanley suka haɗa baki suka tara mutane a watan Yuni 1666. Aka yarda kowane gida shi zai binne mamacinsa da kansa a gonarsa ko bayan gida ba sai an kai makabarta ba, aka rufe coci aka koma ibada a wani kwari da ake kira Cucklet Delf kowane iyali ya tsaya nesa da ɗan uwansa, sannan babbar maganar, ba mai fita ba mai shigowa sai annobar ta wuce.

Abinci kuma Earl na Devonshire, basaraken yankin da ke zaune a Chatsworth, shi ya ɗauki nauyin aiko da shi tare da ƙauyukan kewaye. A kawo a ajiye a bakin iyaka a juya, sai 'yan Eyam su zo su ɗauka. Akwai wani dutse tsakanin Eyam da Stoney Middleton da aka huda masa ramuka 6, a zuba ruwan khal a ciki a jefa kuɗin, a ganinsu khal ɗin zai kashe cutar kafin mai kaya ya ɗauka. Dutsen yana nan a cikin fili tumaki na kiwo a gefensa, akwai kuma wata rijiya a arewacin ƙauyen da ake kira da sunan Mompesson, nan ma haka aka riƙa yi.

Watan Agusta 1666 shi ne mafi muni, sama da mutum 70 a wata ɗaya a ƙauyen da bai kai wata unguwa ɗaya ta cikin birnin Zariya ba. A watan ne wata mata Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 cikin kwana 8, daga 3 zuwa 10 ga wata, ita ke haƙa ita ke jan gawa don ba mai iya matsowa ya taimaka mata, an ce mutanen Stoney Middleton suna hango ta daga kan tudu. Kaburburan suna nan a gefen gona an zagaye su da gajeriyar katanga, Riley Graves ake ce musu. Ni uwa ce, nan ne wajen da ya fi taɓa ni a duk ƙauyen. Matar limamin ma Catherine, mijin ya so ta tafi ta ƙi, ta zauna tana bin gidaje tare da shi, a ƙarshen watan ta rasu tana da shekara 27, kabarinta yana harabar cocin. Mutum na ƙarshe ya mutu a farkon Nuwamba 1666, wata 14 kenan. Jimilla kusan 260 daga gida 76, kuma cutar ba ta tsallaka ta cinye Sheffield ko Bakewell ba.

Har gobe duk Lahadin ƙarshe ta Agusta suna taruwa a kwarin nan su tuna da su, a ajiye jajayen furanni a kabarin Catherine. Lokacin kullen korona a 2020 'yan jarida sun yi ta tururuwa can saboda wannan labarin.

Malam Abu Ammar

Assalamu alaikum. Malama Bilkisu Allah ya saka da alheri, kin yi bayani. Maman Hanifa abin da zan ƙara miki wanda na tabbata Hajiya za ta ji daɗinsa shi ne, wannan abu da mutanen Eyam suka yi a 1666 Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da shi sama da shekara 1,000 kafin su. Hadisin Usama bin Zaid ne yana cikin Bukhari da Muslim, ma'anarsa idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita don gudunta. Kuma an yi aiki da shi a zamanin Sayyidina Umar, yana kan hanyar Sham ya kai wani wuri Sarg sai aka tare shi da labarin annobar Amwas, shekara ta 18 bayan hijira, ya yi shawara da sahabbai ra'ayi ya rabu, ya yanke a koma Madina, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za mu yi, Umar ya ce eh muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai ga Abdurrahman bin Auf ya zo ya ce shi ya ji hadisin daga bakin Annabi. Umar ya koma, Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa a Sham kuma a annobar ya rasu, haka Mu'azu bin Jabal.

Na kawo wannan ne ba don in rage wa mutanen ƙauyen komai ba, a'a, abin da suka yi ba ƙaramin abu ba ne, sanin hukunci daban iya tsayuwa a kansa daban lokacin da ɗanka ke numfashi sama-sama kuma ga hanya buɗe. Mun ga yadda kulle ya yi wa mutane wuya a 2020 alhali da waya a hannu da asibiti. Su ba likita ba magani kuma ba soja aka sa musu a bakin hanya ba, alkawari ne kawai suka yi wa juna. Yaran namu da ke tasowa a nan ya kamata su ji labaran biyu tare, su san killace annoba ba baƙon abu ba ne a addininsu.

Maganar shiga coci in za ta dame ku, malamai sun yi saɓani, da yawa sun sauƙaƙa in don kallo ne ba lokacin ibadarsu ba, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba kuma ya tsaya a waje ba abin da ya rasa, kabarin matar limamin da tsohon dutsen gicciye da aka sassaƙa duk a waje suke. Wallahu a'alam.

Sani Tarihi

Anti Bilkisu da Malam kun kyauta, amma ku yi min afuwa akwai ɓangaren da ba a cika faɗa wa baƙi ba kuma ina ganin Hajiya mai tambaya ce za ta kai ku can. Na farko ba kowa ne ya zauna ba. Masu hali sun fice tun da wuri kafin a rufe, iyalin Bradshaw da ke da babban gida a ƙauyen sun tafi, shi kansa Mompesson ya tura 'ya'yansa biyu Yorkshire kafin kullen. Waɗanda suka rage yawancinsu masu haƙar dalma ne da ƙananan manoma, arzikinsu ramin ma'adini ne da 'yan shanu da tumaki, in sun tafi ina za su, kuma garuruwan kewaye ba maraba za su yi da su ba, wanda aka san daga Eyam yake korarsa ake yi. Shi ma basaraken Chatsworth da ya aiko abinci gidansa mil kaɗan ne daga wajen, zaman su a ciki kariya ce gare shi. Ban ce ba su yi jarumta ba, sun yi, amma talakan da ba shi da zaɓi shi ya biya mafi yawan kuɗin, ya kamata a faɗi haka.

Na biyu lissafi. Za ku ji ana cewa mutum 260 cikin 350 suka mutu, wannan adadin ya yaɗu ne daga littafin tarihin da wani ɗan ƙauyen William Wood ya fitar a 1842, shekara 170 da wani abu bayan faruwar lamarin, kuma da yawa daga labaran masu sa kuka ta wajensa suka zo daga bakin tsofaffi, kamar na budurwa Emmott Sydall da saurayinta Rowland Torre na Stoney Middleton da suke hangen juna daga nesa har ranar da ba ta fito ba. Masu binciken da suka bi rajistar coci da takardun haraji sun ce mutanen sun kai 700 zuwa 800, wato wajen ɗaya cikin uku ne suka mutu. Duk da haka kason ya fi na Landan. Wani bincike na 2016 da aka yi da wannan rajistar ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwar daga mutum ne zuwa mutum ba daga ɓera ba, ma'ana zama tare a rufe ya ƙara musu mutuwa a ciki ko da ya tsare na waje. Dutsen ruwan khal ma ba su kaɗai ba ne, Derby ma suna da nasu.

Abin da ke ɗan damuna kuma, an mayar da ƙauyen kamar wata 14 ɗin nan ne kaɗai tarihinsa. Eyam yana cikin babban kundin ƙidayar ƙasa na 1086. Dutsen gicciyen da ke harabar coci ya haura shekara 1,000, tun zamanin Anglo-Saxon. Dalma ake haƙa a yankin tun zamanin Rumawa, ita ta ciyar da ƙauyen ɗaruruwan shekaru, daga baya aka yi saƙar siliki da masana'antar takalma. Tun 1588 suka jawo ruwa daga tudu zuwa kwamin dutse a bakin titi, yana cikin tsarin ruwan jama'a na farko-farko a ƙasar, wasu kwamin suna nan da ruwa a ciki. Daura da Eyam Hall akwai turun da ake sa masu ƙananan laifi a bainar jama'a. Kuma ku ɗaga kai a bangon cocin ta kudu akwai agogon rana na 1775, an zana masa sunayen biranen duniya, ku sa Hanifa ta nemo Makka a ciki, tana nan.

Bilkisu Nas

Malam Sani na yarda da kai a kan adadin da kuma masu kuɗin da suka gudu, gaskiya ne. Inda ban bi ka ba shi ne cewa ba su da zaɓi. Ƙauyen ba ganuwa gare shi ba, daji ne da tudu ta ko'ina, mai son sulalewa da dare zai sulale, kuma wanda ya ga maƙwabcinsa ya binne 'ya'ya uku ba ya tsayawa lissafin tumaki. 'Yan kaɗan ne aka ji sun karya alkawarin. Ni na yi aiki a ɗakin masu korona, na ga abin da tsoro ke sa mai hankali ya yi, shi ya sa ba na iya ɗaukar zamansu da sauƙi. Kuma Stanley da aka ƙwace wa kujera yana iya naɗe hannu ya bar yaron da aka ba wajensa ya ji kunya, bai yi ba.

Ummu Yasir

Maman Hanifa ki bar su Malam Sani da muhawararsu ki saurare ni, na kai surukata can ita ma da sanda take tafiya. Ƙauyen dogon titi ɗaya ne kusan a miƙe, daga gidan tarihi zuwa dandali ba wani hawa mai wahala kuma akwai benci a hanya, to ku fara da gidan tarihin, za ki gane shi da ɓeran ƙarfe da ke kan rufinsa, ƙarami ne awa ɗaya ta isa, ana biyan kuɗin shiga ba yawa, akwai taswirar gidajen da hotuna da kayan haƙar dalma, yara suna son shi kuma ba abin firgitarwa sosai, sai dai wasu hotunan masu ciwo ki ɗan janye ƙaramin. Ki duba shafinsu kafin ku fita don ba kullum suke buɗewa ba musamman da hunturu. Daga nan ku gangaro Eyam Hall, gidan iyalin Wright ne da aka gina shekaru kaɗan bayan annobar, ku huta a harabar ku sha shayi, sai gidajen annoba sai coci, duk kusa da juna suke.

Riley Graves da rijiyar Mompesson kam kar ki kai Hajiya a ƙafa, hawa ne sosai musamman rijiyar. Dutsen iyaka ya fi sauƙi, daga dandali ake bin wani lungu Lydgate kamar minti 20, a hanya ma akwai kabarin wani mutum da 'yarsa a gefen gidaje, amma ƙarshensa cikin gona ne ƙasa ba daidai ba, in gwiwar ta matsa ku bar ta a wajen shayi da maigidan ke ki je da yaran ki ɗauko mata hoto.

Dan Allah ki ja wa yara kunne a kan abu biyu. Gidajen nan masu allo gidajen mutane ne suna ciki da iyalinsu, a karanta allo daga bakin titi ba leƙen taga ba shiga lambu. Sannan in kun bi hanyar gona duk ƙofar da kuka buɗe ku rufe ta yadda kuka same ta kuma kar su bi tumaki da gudu, manoman wajen ba abin da ke ɓata musu rai kamar wannan. Karnuka kuma akwai su da yawa wajen masu yawon ƙafa, ki gaya wa Hajiya tun a gida kar ta firgita, yawanci a ɗaure suke. Mutanen ƙauyen suna gaisuwa ba kamar na cikin gari ba, duk wanda kuka haɗu da shi a hanya sai ya ce muku sannu, surukata abin ya burge ta har ta riƙa amsa musu da Hausa.

In Hajiya za ta kai ƙarshen Agusta to ku bari sai lokacin, makon ne suke ƙawata rijiyoyinsu, su shafa yumɓu a kan katako su manna ganyen fure ɗaya bayan ɗaya har ya zama hoto, al'adar ƙauyukan Derbyshire ce, sai dai ranar akwai cikowa. In kuma kasuwar ƙauye take son gani ku haɗa da Bakewell ran Litinin, akwai kasuwar dabbobi ana gwanjon shanu da tumaki, ba nisa daga Eyam.

Maman Hanifa

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri ya raya zuri'a. Na karanta wa Hajiya duka, wajen matar nan mai 'ya'ya 6 sai da ta sa na maimaita tana salati, ta ce ko da sanda sai ta ga wajen, kasuwar shanun ma ta ce a sa mata a lissafi. Baban Khalifa in mun samu mai kai mu a mota ana iya matsawa kusa da kaburburan ko dole sai an taka daga dandali?

Baban Khalifa

Ana iya rage mata hanya amma ba har bakin wajen ba, layin siriri ne kuma na gonakin mutane ne babu wajen ajiye mota, sai dai a sauke ta a kasan layin mai mota ya koma dandali ya jira, daga nan ta taka a hankali ku rike ta tana hutawa. Ku zabi ranar da ba a yi ruwa ba kwana daya kafin nan don ciyawar tana santsi, kuma ku fara da can da safe tun gwiwar bata gaji ba sannan ku sauko cikin gari. Bakewell ku ware mata ranarta daban, in kun hada da Eyam rana daya zata jigata kuma gwanjon tun safe ake farawa.